Odar Farko a Shagon Narsih

Ranar Laraba da hantsi Winarsih, wadda kowa a ƙauyen Sumberjati ke kira Narsih, ta dawo daga kasuwar Lasem da sabon kwali ɗaure a bayan babur, da salatif naɗi biyu, da murmushin da ta kwana da shi. Ta shiga ɗakin marigayiya mahaifiyarta, ta jawo gwangwanin biskit daga ƙasan kabad, ta buɗe. Takardar da ake naɗe zanen da ita tana nan, an ninke ta gida huɗu tsaf. Zanen ne babu.

Zane ɗaya ne tak, tsohon jan batik, irin wanda ake yi wa ado da narkakken kaki da rini, aikin hannu. Amma shi ne abu na farko da aka saya a shagon da Narsih ta buɗe a intanet ranar Litinin. Wata mata a Bandung ta riga ta biya, an kuma yi mata alkawarin kayanta zai kama hanya kafin Juma'a.

Mutanen Sumberjati ba sa ɗaga murya, wannan kowa ya shaida musu. Sai dai a ƙasa-ƙasan nan, da murmushi da "Allah dai ya kyauta", suna iya gamawa da mutum kafin shayinsu ya huce. Kafin azahar an samu ɓarayi uku. Wasu suka ce Bu Endang ce, wato Uwargida Endang, dillaliyar da ta shekara ashirin tana kwashe zannuwan ƙauyen a araha, ai shagon nan tuwonta zai zubar. Wasu suka ce Sugeng ne mai kai saƙo a babur, don an gan shi a ƙofar gidan da sassafe. Amma mafi yawa Lastri suka kama, ɗaya daga cikin mata biyar da ke yi wa Narsih aikin zane. Laifinta shi ne ba 'yar garin ba ce, aure ne ya kawo ta, kuma gidanta yana bayan gidan Narsih.

Narsih ta ce ba ta son 'yan sanda. Sai mai unguwa ya aika a kira Pak Kasmuri, wato Malam Kasmuri.

*

Shekara talatin da ɗaya Pak Kasmuri ya yi yana gadin dajin katako na gwamnati, yana bin sawun masu saran itace ba bisa izini ba. An ce yana duban ƙasa ya gaya maka mutum nawa suka wuce, da wanda ya ɗauki gindin gungume da wanda ya yi ha'inci ya ɗauki kai. Yanzu gwiwa ta ci amanarsa, yana gida yana kiwon agwagi. Tun da ya bar aiki, babbar shari'ar da ta zo hannunsa ta wata akuya ce, wadda a ƙarshe aka gano ba sace ta aka yi ba, gidan saurayinta ta koma.

Ya iso yana ɗingishi, ya tarar da tsakar gidan gaba an tattake ta kaf. Mutum kusan arba'in sun zo jaje. Ya dubi ƙasar, ya dubi masu jajen, ya haɗiye abin da ya so ya faɗa.

"To, Nduk," ya ce da Narsih, wato 'yata, sunan da yake kiranta da shi tun tana goye a bayan uwarta. "Ina shagon da aka fasa?"

Ta miƙa masa waya, ta kira shi Pakde, wato baffa, kamar kullum. "Ga shi nan, Pakde."

Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. "Shagon ke nan? To ta ina ɓarawon ya shiga, ta ramin caji?"

Ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta ja hawaye. Ya bar ta ta share su, sannan ta zauna ta yi masa bayani. Wata biyar ta yi tana gina shagon nan. Sai da ta sayi suna, kamar yadda ake kama rumfa a kasuwa, ta sa masa Batik Sumirah, sunan mahaifiyarta. Hotunan zannuwa ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a gindin mangwaro da hasken safe, sannan ta riƙa zuwa kan gada, inda sabis ya fi ƙarfi, tana ɗora su. Ta goge ta sake ya fi sau goma. Shafin ɗaki biyu ne da shi: ɗaya na kayan sayarwa, ɗaya na tarihin gidan da matan da ke aikin.

"Hoton zanen Ibu a ɗakin tarihi na so in sa," ta ce, tana nufin mahaifiyarta. "Don a ga hannunta. Sai na kuskure na jefa shi cikin kayan sayarwa, farashin wani sabon zane ya hau kansa. Ban lura ba sai jiya da waya ta yi ƙara."

"Kin so ki fasa?"

"Na so. Amma odar farko ce, Pakde. Mata suna ta murna. Na ce ai Ibu ma da tana nan cewa za ta yi a aika."

Ta dubi wata takarda a kan tebur da aka danne da kofi. Pak Kasmuri bai buƙaci ya karanta ba, ya san tambarin kamfanin da ke kai mata aikatau Taiwan. Shekara shida Narsih ta yi a can tana jinyar tsohuwar wasu mutane, tana can tata uwar ta cika ba ta gani ba. Duk ƙauyen sun san wannan, babu kuma wanda ya taɓa furta shi a gabanta.

"Idan matar nan ta Bandung ta rubuta a shafin cewa mun karɓi kuɗi ba mu aika kaya ba, wa zai sake saye?" in ji ta. "Mata biyu sun aiko ba za su zo aiki ba sai an san ɓarawo. In suka watse, babu shago. In babu shago, komawa zan yi. Ni kuwa wallahi na gaji da garin mutane."

*

Ya zaga bayan gida, inda masu jaje ba su kai ba. An yi ruwa jiya da yamma, jar ƙasa ta yi taushi. Sawu ne na mutum ɗaya, ƙafa ƙarama, babu takalmi, taku gajeru. Ya fito daga lungun ayaba ya zo har bakin tulun da ke ƙofar kicin. A nan Pak Kasmuri ya durƙusa, gwiwarsa tana tsine masa. Ƙasan tulun a jiƙe take da sabon ruwa, jan laka ya gangara gefe. A daɓen kicin kuwa babu ko ɗigon taɓo.

"Ikon Allah," ya ce shi kaɗai. "Ɓarawo ya tsaya ya wanke ƙafa kada ya ɓata wa masu gida ɗaki."

Sawun komawa ya bi ta inda ya zo, ya hau layin da aka shimfiɗa wa duwatsu, ya ɓace. Gida goma sha biyu ne a layin nan, kuma rabin matan ciki ba sa neman takalmi da safe.

A ɗakin marigayiya ya ɗauki gwangwanin ya juya shi. An rufe murfin, an mayar da shi mazauninsa. A kan kabad akwai sababbin zannuwa takwas, kowanne ya fi wanda aka ɗauka kuɗi a kasuwa, ba a ko taɓa su ba. Ya ɗaga takardar ya kai hanci, don tun a daji hanci ne abokin idonsa. Ya ji ƙamshin kafur, kaɗan, tsoho. Bai ɗauke shi a bakin komai ba. Wane kabad ne babu kafur?

"Shi kaɗai kika same shi a gwangwani?" ya tambayi Narsih.

"Shi kaɗai, can ƙasa. Na ɗauka don ya fi sauran kyau ne."

*

Sugeng mai kai saƙo bai ci masa lokaci ba. Ya same shi a rumfar mai soyayyar ayaba, baki cike.

"Pak, na je ƙarfe bakwai in auna kwali, na yi sallama sau uku, shiru, na dawo nan. Tambayi mai ayaba, har yanzu ban tashi ba."

"Ya cinye mini rabin tire," in ji mai ayaba.

Pak Kasmuri ya dubi ƙafar Sugeng. Takalmin da take ciki agwagwa za ta iya yin ƙwai a ciki ta ƙyanƙyashe.

"Wa ka gani a layin baya?"

"Wa ake gani a layin baya? Tsofaffi da kaji."

Lastri kuwa ya same ta a ƙofar ɗakinta tana naɗe alƙaluman da take zana kaki a yadi da su a tsumma, idanunta sun kumbura. Mijinta yana teku, sai wata mai zuwa zai dawo.

"Ina za ki da kayan aiki?"

"Gida, Pak. Garinmu." Ta ci gaba da naɗi. "Da safe na je jaje, na zauna a tabarma, kowa ya ja jakarsa kusa da jikinsa. Shekara uku ina cin abinci da su a kwano ɗaya."

"Zauna tukuna. Garinku ba gudu zai yi ba. Ba ni labarin jiya."

Ta ba shi. Suna zaune su biyar kewaye da kaskon kaki, waya ta yi ƙara, Narsih ta duba, ta daka tsalle har ta kusa kifar da kaskon. Suka yi ta shewa. Sannan Narsih ta shiga ta fito da gwangwanin don su ga abin da aka saya.

"Kowa ya taɓa, Pak. Irin jan nan yanzu ba a samunsa. Mbah Jiyem ce kawai ba ta taɓa ba, ta ce hannunta da kaki. Can kuma ta ce kanta na ciwo, ta tafi gida."

Mbah Jiyem, wato Kaka Jiyem, ita ce babbarsu, ta haura saba'in da biyar, ƙawar marigayiya Sumirah tun suna 'yan mata. Idonta ya yi rauni, hannunta yana rawa, amma ita ke gyara wa sauran zane da baki. Ko waya ba ta yarda ta riƙe, cewa take tana da zafi.

Pak Kasmuri ya saci kallon ƙafar Lastri. Doguwa ce siririya, ba ita ce ta taka bayan gidan Narsih ba. Amma ya san mutanensa. In ya ce musu ƙafarta ta yi tsawo, cewa za su yi ta lanƙwashe yatsu.

"Kada ki tafi yau," ya ce. "Bayan la'asar ki zo gidan Narsih. In wani ya ja jakarsa, ki zo ki zauna kusa da ni. Ni ba ni da jaka."

*

Bu Endang ta karɓe shi a falonta na bakin titi, da awarwaron zinari har gwiwar hannu. Tun kafin ya zauna ta fara.

"Na ji. Wai ni ce. Ni, Endang, in shiga lungun ayaba ba takalmi? Pak Kasmuri, in zan cuci mutum, a gabansa nake yi, da rasit."

"Shi ya sa nake ganin girmanki, Bu."

"Shagon yarinyar nan ba ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma uwarta ta yi mini aiki shekara goma sha takwas ba ta taɓa ɓata mini yadi ba. Ba zan taɓa kayan Sumirah ba."

Ta buɗe babban kabad don ta nuna masa cewa ita ba matsiyaciyar jan zane ba ce. Tsakanin zannuwan ya ga 'yan ƙulle-ƙulle na farin ƙyalle. Ya ɗauki ɗaya ya murza, ya yi atishawa.

"Masoro? A cikin tufafi?"

"To da me za a kori asu?"

"Da kafur mana, kamar kowa."

Bu Endang ta dube shi kamar ya ce a zuba gishiri a shayi. "Kafur! A kan batik na hannu? Ka tsufa a garin masu zane ba ka san kafur cinye shi yake ba? Duk wadda ta san darajar zane, masoro take sawa ko saiwar jema. Da Sumirah ta ji ka, da tsintsiya za ta raka ka ƙofa."

Ya ajiye ƙullin a hankali. Ya sha shayinsa har ƙasa don kada ta ce ya raina, amma bai san ɗanɗanonsa ba.

*

A gida ya tarar da matarsa, Bu Warni, tana soya tempe, wainar waken soya. Ya zauna a kan benci ya miƙe gwiwa.

"An kama ɓarawon, ko shi ma gidan saurayi ya tafi?" in ji ta ba ta waiwayo ba.

"Bu, in mace ba ta taɓa sa kafur a kabad ɗinta ba, a ina zanenta zai haɗu da kafur?"

"A ina kuwa, in ba wajen wankan gawa ba?" Ta juya tempe. Sai hannunta ya tsaya. "Wane irin zane ne aka ɗauka, Pak? Ni cewa aka yi da ni tsohon zane."

"Ja. Da tsuntsaye da ganye, bakinsa shuɗi."

Ta ajiye matsami. Ta zo ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta goge hannu a zaninta, ta sake gogewa ko da yake babu komai a kansa.

"Da shi muka rufe Sumirah," ta ce. "Tun daga cikawarta har aka gama wanka aka sa likkafani. Ruwan ƙarshe na kafur ya jiƙa shi sharkaf. Mu uku ne a ɗakin. Ni ina zuba ruwa, ƙanwarta da ke Rembang tana riƙe da kai, sai kuma..."

"Na sani," in ji shi. "Ƙafarta ƙarama ce."

Tempe ya ƙone a kasko, babu wanda ya tashi. Pak Kasmuri ya kama ɓarayin katako da yawa a rayuwarsa, wasu har da adda a hannu, bai taɓa jin tsoron ƙarshen sawu ba sai yau. In ya yi magana, ya tona asirin tsohuwa a gaban jikokinta, ya kuma soka wa Narsih wuƙa a inda ya fi mata ciwo. In ya yi shiru, Lastri ta tafi da tabon sata, shago ya mutu.

"Me za ka yi?" in ji Bu Warni.

"Zan je in gaishe ta."

Ya sami Mbah Jiyem zaune a ƙofar ɗakinta mai yoyo, tana tsince shinkafa a faifai, ko da yake idon nan nata ba ya bambanta tsakuwa da ƙwaya. Ya gaishe ta da "Yu", wato yaya, don ta girme shi da shekara goma. Ya tambayi ciwon kai, ta ce da sauƙi. Suka yi maganar ruwan sama.

Da zai tafi ya ce, "Ana shan shayi a gidan Narsih bayan la'asar, Yu. Mutane suna cewa Lastri ce. Har ta ɗaure kayanta."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin shinkafa. Shi kuwa ya juya ya tafi.

*

Bayan la'asar baranda ta cika. Narsih ta kawo shayi da soyayyen rogo, don ko gobara ake yi a Sumberjati sai an ba baƙo shayi. Mai unguwa yana kan kujera. Bu Endang ta zo da mafici, Sugeng ya zauna kusa da rogo, Lastri ta rakuɓe a gefen Pak Kasmuri tana kallon yatsunta. Mbah Jiyem ba ta zo ba.

Ya fara da Sugeng, ya ce a dubi ƙafarsa, aka yi dariya. Ya ce Bu Endang ba ta shiga lungu, ita ma ta tabbatar da hakan da babbar murya. Ya ce sawun ba na Lastri ba ne. A nan ba a yi dariya ba, sai wata ta ce a ƙasa-ƙasa, "Uhm, to."

Yana magana yana kallon lungun ayaba. Babu kowa. Ya ja zance, ya ba da labarin tulu da wanke ƙafa, da takardar da aka ninke, da zannuwa takwas da aka bari. Zancen ya kusa ƙare masa, gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

"To wane ne, Pak?" in ji mai unguwa. "Mun ji wanda ba shi ba ne."

"Ni ce."

Mbah Jiyem ta fito daga lungun a hankali, ba takalmi, da ƙunshi goye a majanyi kamar jariri. Ta tsaya a bakin baranda, ta ƙi hawa da taɓo a ƙafa, sai da Bu Warni ta kawo mata ruwa.

"Ni ce. Ku daina kallon yarinyar nan haka, kunya ba ta ishe ku ba?" Ta zauna a gaban Narsih, ta kwance majanyin. Jan zanen ya bayyana.

Narsih ta dubi zanen, ta dubi tsohuwar. "Mbah? Ke? Ai da kin ce kina so, da na ba ki."

"Ba naki ba ne da za ki ba ni, Nduk. Rabinsa nawa ne." Ta shafa zanen. "Ni da uwarki muka zana shi, shekarar da aka yi mana aure. Wata bakwai muna yi, ita ta kama wancan baki, ni na kama wannan. Muka yi alkawari duk wadda ta riga tafiya a rufe ta da shi, sannan ya jira ɗayar. Ta riga ni. Ni na rufe ta da hannuna. Na wanke shi na mayar ɗakinta, na ce bari 'yarta ta dawo ta same shi a nan, ɗakina yoyo yake. Yanzu ni yake jira."

Narsih ta yi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da ba tata ba, "Da wannan aka rufe Ibu?"

"Da shi."

"Me ya sa ba ki faɗa mini jiya ba?"

"Da wane bakin? Wata biyar da dawowarki ban ga haƙoranki ba sai jiya. Kina tsalle kamar yarinya. In ce miki, Nduk, abin da kika sayar da shi muka rufe uwarki ranar da ba kya nan? Na kwana ina juyi. Na ce gara a ce ɓarawo ya ɗauka. Ban san ɓarawon da za su zaɓa ba ne." Ta juya wajen Lastri. "Ki yafe mini, 'yar nan. Tsufa ne da tsoro."

Lastri ta fashe da kuka, ta rarrafo ta kama hannun tsohuwar ta kai goshinta. Matan da suka ja jakunkunansu da safe suka rasa inda za su sa ido. Ɗaya ta tura wa Lastri farantin rogo, wanda a Sumberjati ba ƙaramin ban haƙuri ba ne.

Narsih ta ɗauki zanen da hannu biyu, ta kifa fuskarta a ciki. Babu wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Pak Kasmuri ya ji tausayinta har cikin ƙashinsa, ya cire hula ya yi ta duban cikinta kamar ya yi ajiya a ciki.

Bu Endang ce ta katse shirun, tana fifita da ƙarfi don kada a ga idonta. "To ita matar Bandung fa? Kuka za a aika mata a kwali? Ki rubuta mata gaskiya. Ki ce za a zana mata irinsa sabo. Farin yadi mai kyau yana wajena, na bayar. Kada wanda ya ce na yi kirki, talla nake."

"Hannuna ba ya iyawa," in ji Mbah Jiyem. "Amma zanen yana kaina. Lastri ta riƙe alƙalami, ni in riƙe mata kunne."

Narsih ta share fuska ta rubuta saƙon. Sau uku tana gogewa, a na huɗu ta rubuta abin yadda yake, har da kuskuren hoton, ta ce in matar tana son kuɗinta za a mayar mata yau. Sugeng ya karɓi wayar ya tafi da ita kan gada don saƙon ya fita. Aka zauna ana jira, shayi ya huce, babu wanda ya tafi. Rana ta yi ja kafin aka ji ƙarar babur ɗinsa.

Narsih ta karanta a fili. Matar ta ce ita ma da zanen batik aka rufe mahaifiyarta, yana nan a ajiye ba ta bari kowa ya taɓa. Ta ce za ta jira sabon, ko wata bakwai ne.

"A cire hoton daga shafin, Mbah?"

"Bar shi, a ga aikinmu. Kuɗin dai za ki cire daga kansa."

*

Mutane suka watse don sallar magariba. Pak Kasmuri ya rage a bakin baranda yana fama da takalminsa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ba saurare yake ba, amma kunne ba shi da murfi, kuma Narsih da Mbah Jiyem a bayansa suke. Sun shimfiɗa zanen a kan cinyoyinsu su biyu.

"Wanne ne hannunta, Mbah?"

"Duk tsuntsun da kika ga ya yi ƙiba nata ne. Uwarki ba ta iya barin ko tsuntsu da yunwa."

Narsih ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi tambayar da ta yi wata biyar tana tsoron yi wa kowa.

"Ta neme ni?"

"Ta neme ki. Ba zan yi miki ƙarya ba, ta kira sunanki sau biyu. Sannan ta ce kada a buga miki waya sai kin gama ba tsohuwar can abincinta, kada hannunki ya yi rawa ki ƙona baiwar Allah."

Narsih ta ɗago kai ta dubi tsohuwar.

"Mbah, ki koya mini wankan," ta ce. "Yadda ake zuba ruwan, da inda ake farawa, da yadda ake rufewa. Ranar da taki ta zo, ina nan. Ni zan yi miki."

"To," in ji tsohuwar. "Amma ki ɗumama ruwan, Nduk. Na uwarki da sanyi muka yi, har yau abin yana damuna."